Shingen Anti, Lilon Yara da Hukumar Harajin Ingila

Wata ranar Lahadi cikin hutun ƙarshen shekara, ina zaune ina fama da babi na biyu na furojet ɗina, sai ga kiran Anti ta WhatsApp. Ƙanwar mahaifiyata ce, tana zaune a Manchesta da mijinta da 'ya'yanta biyu, kuma tun ranar da ta ji na shiga sashen Akanta ta daina kiran sunana.

"Ke Akanta, kin tuna aikin da na yi wa gidan nan? Na haɗa rasit ɗin duka, fam 8,800 ya ci. An ce in sa a fom ɗin haraji, gwamnati za ta mayar min da kuɗina."

Na ce, "Anti, wa ya gaya miki haka?"

"Matan da muke sana'a ɗaya mana. Ai don yaran na yi aikin, ba don kaina ba. Ke dai ki duba min kafin 31 ga Janairu."

Na so in ce mata ni harajin Najeriya ake koya min, shi ma ban gama iyawa ba. Amma mutum ba ya cewa ƙanwar uwarsa "ban sani ba" bayan an shekara biyu ana biya masa kuɗin makaranta. Na ce ta turo takardun. Kwana tara na yi ina karatu a kan maganar, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne kusan duk abin da na tarar mun riga mun ji shi a ajin haraji, sai dai a ajin hamma muke yi. Shi ya sa na ga ya dace in kawo shi wannan mujalla, ko don 'yan sashenmu, ko don masu ƙananan sana'o'i a gida, waɗanda Allah ya yi yawa da su a makarantar nan.

Sana'ar Anti raino ce. Iyaye masu zuwa aiki suna kawo mata 'ya'yansu da safe, su ɗauke su da yamma, su biya ta. A nan gida maƙwabciya ce za ta riƙe miki yaro a ce an gode. A Ingila kuwa, duk wanda zai riƙe yaran wasu 'yan ƙasa da shekara 8 a gida fiye da awa biyu a rana, kuma a biya shi, sai ya yi rajista da hukumar Ofsted ko da wata cibiyar masu raino da aka amince da ita. Za a binciki tarihinsa ko ya taɓa aikata laifi, ya yi kwas na taimakon gaggawa ga yara, a zo a duba gidan. Mutum ɗaya ba ya wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara 8, a cikinsu uku ne kawai za su kasance ƙananan da ba su isa shiga makaranta ba, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuma galibi guda ɗaya. Har faɗin ɗaki an ƙayyade: yaron da bai kai shekara biyu ba yana buƙatar murabba'in mita 3.5 shi kaɗai. Kuma ana son yaran su riƙa fita waje su sha iska kullum. Wannan ne ya sa lambun bayan gida yake da muhimmanci ga mai raino kamar yadda keken ɗinki yake ga tela.

A wajen hukumar haraji ta Birtaniya, wato HMRC, Anti mai zaman kanta ce. Babu wanda yake cire mata haraji daga albashi. Ita za ta lissafa abin da ya shigo, ta cire abin da ta kashe a kan sana'ar, ta faɗi ribarta, ta biya. Shekarar harajinsu tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun shekara mai zuwa, kuma wanda zai cike fom ta intanet yana da zuwa 31 ga Janairu na gaba. Ya makara da kwana ɗaya, tarar fam 100 ta hau kansa.

Ga abin da na tarar a cikin rasit ɗin da ta turo. An daɓe wani ɓangare na bayan gida da duwatsun shimfiɗa, sauran an shimfiɗa ciyawar roba a inda da laka take damun su, fam 3,800. An gina sabon banɗaki a ƙasa don kada yara su riƙa hawa bene, fam 2,900. Sabuwar kujera doguwa da kafet na falo, fam 900. Iska ta kayar da wasu allunan shingen katako, an sa sababbi, fam 600. Lilo da abin zamiya da akwatin yashi na wasa, fam 450. Sai ragar ƙarfe da aka rufe ɗan kududdufin kifin ado da ita, fam 150.

Gwamnati ba ta mayar da kuɗi

Kafin a je ga wanne ake cirewa, sai da na fara warware wa Anti babban kuskuren, kuma na lura ko a ajinmu akwai masu irin wannan tunani. Idan aka ce doka ta yarda ki cire wani kashe kuɗi, ba ana nufin hukuma za ta ɗauko kuɗin ta ba ki ba. Ana nufin za a rage shi daga ribar da za a ɗora wa haraji. Abin da kika tsira da shi shi ne harajin da da za ki biya a kan wannan adadi, shi ke nan.

A shekarar haraji ta 2024/25, fam 12,570 na farko ba a biya musu haraji. Abin da ya hau kai ana karɓar kashi 20 cikin 100, sannan masu zaman kansu suna biyan kuɗin inshorar ƙasa kashi 6 cikin 100 a kan wannan ɓangaren. Jimla kashi 26. Ke nan duk fam 100 da Anti ta cire bisa ƙa'ida, fam 26 ta tsira da shi, fam 74 kuwa daga aljihunta ya fita kuma ya tafi.

Na lissafa mata nata. Ta samu fam 24,000 a shekarar. Bayan an cire kashe-kashenta na yau da kullum, waɗanda zan zo kansu, ribarta ta tsaya a fam 16,578. A cire 12,570, saura 4,008. Kashi 26 na wannan shi ne fam 1,042 da 'yan kwabbai. Na ce, "Anti, ko da HMRC ta yarda da fam 8,800 ɗin nan duka, iyakar abin da za ki samu a bana shi ne kada ki biya wannan 1,042 ɗin. Babu wanda zai turo miki 8,800."

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai ta ce, "To ai ko 1,042 ɗin ma kuɗi ne." Gaskiyarta. A canza shi zuwa naira a ga ko akwai ɗalibin da zai raina.

Ƙofa biyu

Kowane kashe kuɗi sai ya bi ta ƙofa biyu kafin a cire shi, kuma duka suna cikin dokar harajin kuɗin shiga daga sana'a ta shekarar 2005. Sashe na 34 ya ce sai abin da aka kashe kacokan don sana'ar, kuma don ita kaɗai. Sashe na 33 ya ce ba a cire kuɗin da aka kashe wajen kafa dukiya mai ɗorewa, wato kuɗin jari. Anti ƙofa ta farko kawai take gani, shi ya sa take ta maimaita "ai don yaran na yi". Ko a ta farkon ma, maganar ba ta kai sauƙin yadda take zato ba.

Akwai wata shari'a da duk mai karatun haraji a can ya san ta. Wata lauya mai suna Ann Mallalieu ta nemi a cire mata kuɗin baƙaƙen tufafin da take sawa don shiga kotu, da kuɗin wankinsu. Ta ce ba don aiki ba, ba za ta taɓa sayen irin waɗannan kaya ba, ita mai son kaya masu launi ce. Ba a ƙaryata ta ba. Amma a 1983 alƙalan House of Lords, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli ta ƙasar, suka yanke cewa ba za a cire ba. Dalilinsu: ko me take tunani lokacin da take saye, tufafin suna rufa mata jiki suna kuma kare ta daga sanyi, kamar kowane ɗan Adam. Manufa ta zama biyu, ta aiki da ta kai, kuma da zarar manufa ta zama biyu, kalmar "kaɗai" ta faɗi.

To a ɗauki wannan a kai shi gidan Anti. Banɗakin nan na ƙasa, idan yaran sun tafi ƙarfe shida, wa yake shiga? Mijinta. Baƙin da suka zo ranar Sallah. Daɓen bayan gida, a nan suke gasa nama idan Allah ya kawo musu rana. Gidan da mutum yake kwana a ciki yake kuma sana'a a ciki, kusan komai nasa mai manufa biyu ne.

Da dokar ta tsaya a nan, da mai raino ba ta cire ko kuɗin wuta. Sai dai sashe na 34 ɗin yana da ƙaramin sashe na biyu da ya buɗe taga: idan za a iya ware wani kaso sananne na kuɗin a nuna cewa shi don sana'a kaɗai aka kashe, ana cire wannan kason. A kan wannan ne HMRC ta daɗe da yin yarjejeniya da ƙungiyar masu raino ta ƙasar, don kada kowace mace ta zauna tana ƙirga sau nawa aka kunna fitila saboda yara. Wadda take raino awa 40 ko fiye a mako tana cire kashi 33 cikin 100 na kuɗin wuta da ɗumama gida, da kashi 10 na kuɗin ruwa, da kashi 10 na harajin ƙaramar hukuma, da kashi 10 na haya idan gidan haya take. Mai awa 20 kuma kusan rabin haka. Ƙananan sayayya da ba su kai fam 10 ba ba a neman rasit ɗinsu, abincin yaran ma ƙiyasi mai ma'ana ya isa. Sannan akwai babban cikinsu: tana cire kashi 10 cikin 100 na duk abin da ta samu daga raino a matsayin kuɗin tsufa da lalacewar kayan gida.

Da wannan na fitar da kashe-kashen Anti na yau da kullum: fam 2,400 na tsufan kaya, 792 daga kuɗin wuta da gas na 2,400, 180 daga harajin ƙaramar hukuma, 50 daga kuɗin ruwa, sai 4,000 na abinci, kayan wasa, inshora, kuɗin rajista da makamantansu. Jimla 7,422.

A nan ne na yi nawa kuskuren, kuma gara in faɗa. Da farko na sa mata rabin kuɗin kujera da kafet a cikin abin da za ta cire, ina ganin ai yaran ne suka yi ta tsalle a kan tsohuwar kujerar har ta mutu. Har na tura mata. Washegari ina sake karanta yarjejeniyar sai na ga an rubuta ƙarara cewa wadda ta ɗauki kashi 10 na tsufan kaya ba za ta sake cire kuɗin sayen sababbin kayan gida ba. Kashi 10 ɗin shi ne kuɗin kujerar. Cirewa sau biyu ke nan. Abin da aka yarda da shi daban shi ne kuɗin wanki, misali yaro ya yi amai a kafet aka kira masu wankewa. Na kira ta na ce ta goge. Ta ce, "Akanta ke nan." Ban ji daɗin yadda ta faɗe shi ba.

Gyara ne ko ƙari?

Ƙofa ta biyu ita ce ta cinye mafi yawan kuɗin Anti, kuma ita ce na fi jin daɗin karantawa.

Bambancin shi ne tsakanin mayar da abu yadda yake da, da samar da abin da babu shi. Kwanon rufi ya yi yoyo aka canza wanda ya huje, gyara ne. Aka ɗora bene a kan gidan, ƙari ne. Gyara yana cikin kuɗin tafiyar da sana'a, ana cire shi a shekarar da aka yi. Ƙari kuwa dukiya ce aka kafa, kuɗin bai ɓace ba, ya dai sauya kama daga takarda ya koma bulo. Hikimar dokar ke nan, kuma ni a ganina tana da gaskiya. Banɗakin nan na fam 2,900 yana nan bayan shekara ashirin, kuma ranar da Anti za ta sayar da gidan, mai saye zai biya kuɗinsa. Idan aka bar ta ta cire shi daga haraji, sauran masu biyan haraji ne suka taya ta ƙara wa gidanta daraja.

Masu kallon ƙwallo, ga naku. Kulob ɗin Burnley ya rushe wata tsohuwar rumfar 'yan kallo da ta zama haɗari, ya gina sabuwa a wurin mai ɗaukar kusan adadin mutanen da tsohuwar take ɗauka. Kulob ɗin ya ce gyara ya yi wa filinsa. A 1980 kotu ta ce a'a: rumfar abu ce mai zaman kanta, kuma an sauya ta ne gaba ɗaya, don haka kuɗin jari ne. A lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne amsar hujjar Anti. Ba don ado Burnley ya yi aikin ba, tilas ce ta sa, saboda lafiyar mutane. Amma tilas ba ta mayar da gini ya zama gyara. Anti tana cewa, "Ai ƙa'idar raino ce ta ce a kiyaye lafiyar yara, laka tana kayar da su." Na ce gaskiya ne, wannan zai iya taimaka miki a ƙofar farko. A ƙofa ta biyu ba a tambayar dalili, ana tambayar me kuɗin ya haifar.

Layin ba kullum yake a miƙe ba. Idan tsohuwar taga mai gilashi ɗaya ta lalace aka sa mai gilashi biyu, HMRC tana ɗaukar sa gyara, duk da sabuwar ta fi tsohuwar, domin mai gilashi biyu ita ce tagar zamanin yanzu. Mutum ba zai je neman kayan 1970 don kawai ya tsira daga haraji ba. Ciyawar roba ma akwai inda ta taɓa wucewa: wata kotu a Sikotilan ta yarda cewa shimfiɗar roba ta filayen ƙwallon 'yan biyar-biyar kayan aiki ce, domin da ita kamfanin yake sana'arsa. Na ɗan yi murna da na ga wannan, na ce ko Anti za ta raɓa. Amma filin kamfanin babu wanda yake shanya kayan wanki a kai ko ya kafa kujera ya sha shayi da yamma. Lambun Anti na iyali ne, kuma mafi yawan fam 3,800 ɗin a haƙa da daidaita ƙasa da daɓe ya tafi, wato aiki a jikin filin kansa. Na bar shi a waje.

Wani zai ce, ai a ajin haraji an koya mana cewa kuɗin jari ma yana da nasa rangwamen. Haka ne. A Birtaniya akwai rangwamen zuba jari na shekara wanda ya kai har fam miliyan 1, amma na injuna da kayan aiki ne, gini da katanga da daɓe ba sa ciki. Akwai wani rangwame na gine-gine, kashi 3 cikin 100 a shekara, shi kuma bai shafi gidan zama ba. Tun Afrilun 2024 yawancin masu zaman kansu suna lissafi ne bisa kuɗin da ya shiga hannu da wanda ya fita, kuma a wannan tsari kayan aiki ana cire su kai tsaye kamar sauran kashe-kashe, amma fili da gini an keɓe su. Ta kowace hanya aka bi, banɗakin bai wuce ba.

Abin da ya wuce shi ne wannan. Lilo da abin zamiya da akwatin yashi kayan aiki ne, ana iya kwance su a ɗauke, kuma autan Anti yana sakandare, ba zai hau lilon 'yan shekara uku ba: fam 450 duka. Da tana da ƙaramin yaro nata, da sai an raba. Ragar kududdufi, fam 150 duka, domin shekaru suna zaune da kifinsu a buɗe, yaran mutane ne suka sa aka rufe. Allunan shinge gyara ne tsantsa, katako aka cire aka mayar da katako, tsayi ɗaya. Amma shingen yana tsare yaran raino yana kuma tsare iyalin gidan, don haka muka ɗauki rabi, fam 300, bisa la'akari da kwana biyar a mako da yaran suke wasa a wurin. Da ta ce bari in yi amfani da wannan dama in rushe shingen in ja katangar bulo, da ta bi sahun Burnley.

Jimla fam 900 daga cikin 8,800. Abin da ta tsira da shi, fam 234.

Tarkon ɗakin da babu mai shiga

Da Anti ta fahimci maganar manufa biyu, sai ta kawo dabara irin ta mutanenmu. "To in na ce ɗakin wasan nan na yaran ne kaɗai, ko mijina ba ya leƙawa, ai sai in riƙa cire komai nasa duka ko?"

Wannan dabarar tana da farashi, kuma ba a ganin sa sai an zo sayar da gida. A Birtaniya, idan mutum ya sayar da kadara da riba akwai harajin ribar kadara, kashi 18 ko 24 cikin 100 gwargwadon ƙarfin mutum. Gidan da mutum yake zaune a ciki an yafe masa wannan haraji. Amma dokar 1992 da ta tsara shi ta ce duk ɓangaren gidan da aka keɓe don sana'a kaɗai ya fita daga wannan yafiya. Ke nan idan ɗaki ɗaya cikin shida ta rantse na sana'a ne zalla, ribar da ta faɗa kan wannan ɗakin za ta iya shiga lissafin haraji ranar sayarwa. Kalmar "kaɗai" da take nema don ta rage 'yan fam ɗari a bana, ita ce za ta jira ta a gaba a kan kuɗin gida. Shi ya sa masu raino da yawa suke barin ɗakin wasa ya koma na iyali da dare da ƙarshen mako, su haƙura da cire kaso. A gidan Anti ma gaskiyar ke nan, a ɗakin 'yarta take karatu da dare.

Me zai faru da ta sa 8,800 ɗin duka?

Wataƙila babu komai a ranar. Wannan ne abin da yake ruɗar mutane, har wata ta ce wa wata "ni na sa kuma ya wuce". Tsarinsu shi ne a karɓi fom yadda aka cike, a bincika daga baya. HMRC tana da wata 12 daga ranar da aka miƙa fom ta buɗe bincike, kuma idan ta gano an rage haraji tana iya komawa baya shekara 4, ko 6 idan sakaci ne, ko 20 idan da gangan ne. Za a biya harajin, a biya kuɗin jinkiri, sannan tara: har zuwa kashi 30 cikin 100 na harajin idan sakaci ne, har kashi 70 idan da gangan ne, har 100 idan an haɗa da ɓoyewa. Ana kuma son mutum ya ajiye takardunsa aƙalla shekara 5 bayan ranar 31 ga Janairun da ya miƙa fom. Ribar da ta faɗo daga 16,000 zuwa ƙasa da 8,000 a shekara ɗaya, ba tare da yaran sun ragu ba, ba sai mai bincike ya yi digiri zai tsaya a kanta ba.

Kuma ƙa'idojin suna motsi. Daga Afrilun 2026 masu zaman kansu da kuɗin shigarsu ya haura fam 50,000 za su koma ajiye lissafi a manhajar kwamfuta suna aika bayani duk wata uku. A 2027 iyakar za ta sauko fam 30,000, a 2028 fam 20,000, ranar ke nan da zai iso kan Anti. An kuma sanar cewa masu rainon da suka shiga wannan tsari za su koma lissafa ainihin abin da suka kashe maimakon kashi 10 na tsufan kaya. Na ce ta fara ajiye rasit ɗin kujera tun yanzu.

Abin da ya dawo da ni gida

Tun ina karanta sashe na 34 nake jin muryar malaminmu na haraji yana cewa WREN, haruffa huɗun nan da kowa ya haddace don jarrabawa: kuɗin da za a cire sai ya zama kacokan don samar da kuɗin shigar, don shi kaɗai, da larura, kuma daidai misali. Dokar harajinmu daga ta Ingila ta samo tushe, kalmomi biyu na farko nasu ne muka gada. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta koma kan waɗannan biyun. Bambancin gyara da ƙari ma yana nan a wajenmu daram. A ƙarƙashin sabuwar dokar naira 800,000 na farko a shekara ba a biya musu haraji, amma wanda ya haura haka da ribar sana'arsa, hukumar tattara kuɗin shiga ta jiharsa tana da magana da shi.

A ɗakin kwananmu kaɗai akwai mai yin kek a kicin ɗin mahaifiyarta, da mai koyar da yara darasi a zaurensu, da wadda yayarta ta buɗe wurin raino a unguwarsu da yara tara. Da na ba su labarin Anti, mai kek ta tambaye ni tanderun gas da ta saya, mai darasi ta tambayi benci da allo, ta ukun ta ce yayarta ta yi wa tsakar gida siminti ta ja rumfar kwano saboda rana. Tanderun da bencin na iya ba su amsa a tsaye. Rumfar kuwa sai da na tambaya ko da can akwai wata da ta lalace, ko sabuwa ce fil, kuma wa yake zama a ƙarƙashinta idan yaran sun tashi. Ta ce sabuwa ce, kuma kakarsu ce take shimfiɗa tabarma a wurin da la'asar.

Anti dai na roƙe ta ta kai lissafin wajen akanta na can kafin ta miƙa, don ni ɗaliba ce, kuma kuɗin akantan ma ana cire shi. Ya bar alƙaluman yadda suke, ya kuma nuna mata wani abu da ni ban lura da shi ba. Idan harajin shekara ya kai fam 1,000, ana neman mutum ya biya rabin na shekara mai zuwa tun a Janairu, sauran rabin a Yuli. Na shekarar da ta gabata bai kai dubu ba, don haka ba ta taɓa shiga wannan tsari ba. Da harajinta ya tsaya a 1,042, da fam 1,563 za ta nemo a watan Janairu. Fam 900 ɗin nan da ta raina ya sauko da shi zuwa 808, ƙasa da iyakar. Ta biya ranar 28 ga Janairu, ta turo min hoton shaidar biyan, ta rubuta a ƙasa cewa har yanzu ba ta yafe maganar banɗakin ba.